Eriya, dish na kyauta ko dikodar biya: wanne ya dace da lokutan kallo a gidan Basakkwace?

Mai sayar da dikoda da yawan tashoshi yake fara tarbar ka. Wannan tana da kaza, waccan ta fi ta da ashirin, in ka ƙara ɗan wani abu a ba ka wadda ta haura ɗari. Ba zai tambaye ka ƙarfe nawa kake shigowa gida ba, ko wa ke riƙe rimot bayan sallar isha'i, ko awa nawa unguwarku ke ganin wuta a yini. Ga wanda ke zaune Sakkwato kuwa, waɗannan tambayoyin ne ke raba gardama tsakanin hanyoyin kallo huɗu da ke gabansa: eriya mai kama tashoshin gida, dish na kyauta, dikodar da ake biya wa kuɗi, da kuma wayar da ke aljihunsa.

A fara da yinin gidan kansa. Bayan asuba rediyo ke da fili, domin mai shirin fita kasuwa ko ofis kunnensa kawai yake iya bayarwa, idonsa na kan wani abu. Daga hantsi zuwa azahar talabijin na matan gida ne, in an yi sa'a akwai wuta. Bayan la'asar yara na Islamiyya. Sai magariba, wadda a nan ba ta tsayawa wuri ɗaya: a watan Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:10, a Yuni da Yuli kuma sai an kai 7:00 har da 'yan mintoci. Muna can yamma, Maiduguri kan riga mu shan ruwa da kusan rabin awa. Ke nan shirin da aka tsara wa ƙarfe 7:00 a Legas ko Abuja, da damina kan alwalar magariba yake faɗowa, da hunturu kuma a ɗan tsakanin magariba da isha'i, lokacin da ake cin tuwo ana sauraron kiran salla. Abin da ya rage wa gida gaba ɗaya shi ne daga 8:30 zuwa 11:00 na dare. Duk kuɗin da za ka kashe, galibi kan waɗannan awanni biyu da rabi kake kashe shi.

Eriya ita ce tsohuwar hannu. Talabijin ya fara a ƙasar nan a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, Sakkwato kuma ta samu tasharta a tsakiyar shekarun 1970, kafin dokar 1977 ta tattara tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA. Manya na tuna zamanin da tasha ba ta buɗewa sai da yamma, a rufe da taken ƙasa tsakar dare, yaran unguwa su cika zauren mai talabijin ɗaya tilo suna jiran wasan kwaikwayon Idon Matambayi. Yau mai eriya a cikin gari NTA Sakkwato da gidan talabijin na Rima yake nema, kuma abin da suke ba shi ba ya cikin kowane rukunin tashoshin da ake saya da kuɗi. Labarin rabon taki a Wurno ko Goronyo, sanarwar hukumar alhazai ta jiha, ranar komawa makaranta, naɗin sarauta, hawan salla daga ƙofar fada, tafsirin malaman da kake iya haɗuwa da su a masallacin Juma'a: tashar da ke Kano ko Legas ba ta da dalilin ɗauko maka su. Ƙarfe 9:00 na dare kuma NTA ta kowace jiha kan haɗe da Abuja don labaran ƙasa, kuma shekaru da yawa ke nan wannan lokaci bai gusa ba. Akwai dattawan da agogon darensu ke nan.

Raunin eriya biyu ne. Na farko nisa. Abin da mai gida a Mabera ko Runjin Sambo zai kama da ɗan ƙarfe kan rufi, na Isa ko Kebbe ko Gudu sai ya kafa dogon bututu, kuma duk da haka hoton na iya zuwa da yayyafi. Na biyu shi ne jadawalin tashoshin gwamnati a ko'ina cikin ƙasar nan ba ya da tabbas irin na 'yan kasuwa. Ranar da aka yi babban taro ko wani babba ya zo gari, shirin da kake jira na iya sauka a ɗora taron kai tsaye, ba wanda zai ba ka haƙuri. Sannan ga batun komawa tsarin dijital da aka fara gwadawa a Jos a 2016, aka kai Abuja a ƙarshen shekarar, daga baya Kaduna da Ilori da Inugu, Legas da Kano kuma a 2021. Maganar ta daɗe tana jan ƙafa, don haka ban ga hikimar zuba kuɗi mai yawa kan kayan eriya ba. Amma cire ta gaba ɗaya don an sa dish, wannan kuskure ne da gidaje da yawa ke yi. Ba ta cin ko kwabo a wata, kuma talabijin na da ramin da aka yi dominta daban da na dikoda.

Dish na kyauta shi ne wanda na fi son a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi raina wa alhali shi ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Kuɗinsa sau ɗaya ne: farantin, ɗan kan da ke gabansa, waya, dikoda, da ladan mai haɗawa. Daga nan ba mai aiko maka saƙo cewa kwananka ya ƙare. Abin da ke cikinsa ya danganta da tauraron da aka saita shi a kai, shi ya sa gidaje biyu masu katanga ɗaya kan sami tashoshi daban. Mafi yawan masu sa shi a nan abu uku suke nema. Na farko Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, take shirya yawancin shirye-shiryenta a Kano, take kuma watsawa da Hausa dare da rana. Tana da Gari Ya Waye da safe, tana da shirin girki da na matasa, manyan wasanninta irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in kuma da dare suke fitowa, daidai lokacin da gida ya taru. Babban abin da ya sa ta zauna wa matan gida shi ne maimaici. Wadda wuta ta yanke mata a tsakiyar shiri da dare tana da kyakkyawan zaton sake cin karo da shi da rana a cikin mako.

Na biyu tashoshin addini. Akwai Sunnah TV, akwai Manara, akwai Africa TV 3, da wasu da dama, kowacce da ɓangaren malaman da ta fi karkata gare su. A nan maigida ya san gidansa, ba ni zan zaɓa masa ba. Jadawalinsu sassauƙa ne: karatu bayan karatu, ana maimaitawa, ba ka buƙatar sanin ƙarfe nawa ne kafin ka amfana. Wannan ya sa suka fi dacewa da tsofaffi da masu zaman gida, waɗanda ke kunna talabijin kamar yadda ake kunna rediyo, ana aiki ana saurare.

Na uku tashoshin Larabawa da ke kan Nilesat da Arabsat, musamman biyun nan da ke nuna Harami na Makka da na Madina ba dare ba rana. A nan sai an riƙe lissafin agogo, don Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Da azumi za ka ga ana buɗa baki a Makka tun muna wajen 4:30 na yamma, yara na kallon dabino da zamzam suna haɗiyar miyau. Tarawihinsu kan fara daidai lokacin da mu ke shirin shan ruwa, don haka kaɗan ke samun kallonsa. Tahajjudin goman ƙarshe kuwa ya faɗo mana daidai, wajen 11:00 na dare, kafin mu fita namu. Huɗubar Arfa da hantsi take iske mu. Duk sanarwar lokacin shiri da ka gani a tashar Larabawa da agogon Makka, cire awa biyu. Nijar kuwa agogonmu ɗaya, shi ya sa mutanen Illela da Gada da Tangaza masu dangi da harka a Ƙonni ba sa wahalar bin Télé Sahel, wadda ke da labarai da Hausa.

Na taɓa tsayawa a wata rumfar masu kayan lantarki a cikin gari, wani dattijo ya zo da ɗansa, an riga an cika masa kunne da sunan wata dikodar biya. Yaron rumfar yana warware waya bai ko ɗago ba ya ce, “Baba, mi kaka son gani?” Dattijon ya ƙirga da yatsu: “Makka, da wa'azi, da wanga wasan da iyali ka kallo.” Yaron ya ce, “To Baba, kai da biyan wata mi ya haɗa ku? Faranti guda da kai biyu sun ishe ka.” Ɗan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ƙwallo fa?” Dattijon ya juyo ya dube shi, ya ce, “Ashe kai ka son ta, ba ni ba.” Aka ɗaure musu faranti a bayan babur.

Kada a ɗauka dish na kyauta ba ya da nasa ciwon kai. Tasha na iya sauya mita ko ta koma wani tauraro ba sanarwa, ka wayi gari ka ga baƙin allo inda take, sai an kira mai haɗawa ya sake nemo ta. Yawancin tashoshinsa ba sa aiko da jadawali cikin dikoda, ka danna maɓallin ka ga fili, don haka sanin lokacin shiri sai ta tallar da tashar ke yi ko ta bakin maƙwabta. Sannan in an yi binciken tashoshi, dikoda kan kwaso ɗaruruwa, da masu amfani da waɗanda ba ka so ɗanka ya gani. Ka zauna da mai haɗawa a goge na gogewa, a kulle na kullewa da lambar sirri, a jera goma ko sha biyar da gidan ke kallo a farko. Wannan aikin rabin awa ne, kuma shi ne mafi yawan mutane ke tsallakewa. Game da dikodar da ake raɗa maka cewa tana buɗe tashoshin ƙwallo na biya a ɓagas, haramtacciyar hanya ce, kuma ranar babban wasa ta fi son tsayawa.

Dikodar biya iri uku aka fi sani. StarTimes ta shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, tana da mai eriya da mai dish. GOtv ta zo a 2011, da eriya take aiki. DStv ita ce babbar yayarta, kamfani ɗaya ne, da dish take aiki. Masu eriyar nan sai inda turken kamfanin ya kai, saboda haka kafin ka saya, leƙa gidan maƙwabcin da ke da irinta ka ga hoton da idonka, musamman in kana bayan gari, wajen Kwannawa ko Wamakko ko gaba da nan. Mai dish kuwa ko a ruga aka kafa ta za ta kama.

Abin da kuɗinka ke saya a nan, ban da yawan tashoshi, shi ne tsari. Ka danna maɓalli ka ga abin da ake yi yanzu da wanda zai biyo baya, har na gobe, kuma in an ce 8:00 to 8:00 ɗin ne. Ga mai son fina-finan Hausa akwai Africa Magic Hausa a DStv da GOtv, StarTimes kuma na da tata tashar Hausa da NTA Hausa, Arewa24 ma tana cikinsu duka. Ga yara akwai tashoshin zane masu motsi da ba sa yankewa. Ga mai bin siyasa akwai Channels da labaranta na ƙarfe 10:00 na dare, wanda ke ba shi damar jin abin da NTA ta faɗa a 9:00 sannan ya ji yadda wasu suka kalli maganar. Ga masu bin dogayen wasannin Indiya akwai tashoshin da ba su da aiki sai wannan, kuma duk maigidan da ya shigo da su ya sani cewa ya ba da rimot aro na wata da watanni, domin labari ɗaya kan yi ɗaruruwan kashi, kullum a lokaci guda.

Sai dai kwanan wata ba ya jiran wuta. Ka biya na kwana talatin, injin wutar unguwa ya lalace mako biyu, kuɗinka na tafiya. Mai biyan babban rukuni a unguwar da wuta ke zuwa tsakar dare kamar wanda ya kama hayar shago ne a Babbar Kasuwa yana buɗe shi bayan an watse. A nan StarTimes ta fi sauran fahimtar aljihun talaka, domin tana karɓar biyan yini ko na mako, ka saya daidai lokacin da ka san za ka kalla. A DStv rukunai na hawa daga Padi da Yanga da Confam zuwa Compact har Premium, a GOtv daga Smallie da Jinja da Jolli zuwa Max da Supa. Ban kawo farashi ba don ya sha sauyawa a 'yan shekarun nan, kuma sama yake yi. Abin lura shi ne tashoshin Hausa ba sa buƙatar babban rukuni. Abin da ke tura mutum sama ƙwallo ce.

To, a yi maganar ƙwallon, tunda ita ce ainihin dalilin da ya sa samari ke matsa wa iyaye. Gasar Firimiyar Ingila da ta Zakarun Turai a SuperSport suke, wato DStv da GOtv, kuma ƙananan rukunai ba sa ɗauke da kowane wasa. StarTimes na da nata gasannin, amma izinin nunawa kan sauya hannu daga kaka zuwa kaka, don haka ka tambayi sunan gasar da kake so kafin ka miƙa kuɗi. Yanzu ɗora lokutan wasa kan yinin Sakkwato. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Ingila, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Wasan Asabar na 3:00 a can, a nan 3:00 ne ko 4:00, wato kan la'asar. Babban wasan Lahadi na 4:30, da hunturu 5:30 yake farawa a nan, magariba ta raba shi biyu. Wasannin Zakarun Turai na daren Talata da Laraba da hunturu ƙarfe 9:00 suke farawa, daidai da labaran NTA. A gida mai talabijin ɗaya, wannan rigima ce da aka san wanda zai ci ta tun kafin a fara, kuma ba yaron ba ne.

Shi ya sa nake ganin ga mafi yawan gidaje, gidan kallo ya fi sauƙi a kan ƙwallo. Ƙungiyar da kake goyon baya wasa ɗaya ko biyu take yi a mako. Ka lissafa kuɗin shiga na wasa shida ko takwas a wata, ka gwada da kuɗin rukunin da ke nuna su duka, ka ƙara man janareta na awa biyu kowane wasa. Mai gidan kallo ya riga ya raba wannan nauyi kan mutum hamsin. Ga musu da ihu da ba ka samu a ɗakinka. Inda lissafin ke juyawa shi ne gidan da ke da samari uku ko huɗu, ko uban da ba ya son ɗansa ya kai 11:00 na dare a waje, kuma a halin da ake ciki wannan dalili ne mai nauyi, ba na musa shi. Irin wannan gida ya sayi dikodar, amma ya sa ta a ɗakin samari ko zaure da ƙaramin talabijin nata, su kuma haɗa kuɗin watan a tsakaninsu. In kaka ta ƙare a watan Mayu a bar ta ta huta zuwa Agusta. Wasannin Super Eagles a manyan gasa kuwa sau da yawa NTA kan nuna su, wani dalilin ke nan na barin eriya a inda take.

Waya ba ta da jadawali, wannan ne ƙarfinta. Dogayen wasannin Hausa da yawa yanzu a YouTube ake sakin su mako-mako, BBC Hausa da DW da TRT Afrika na ɗora labarai da bidiyo a Facebook, malamai na karatu kai tsaye. Ka kalla lokacin da ka ga dama, cajin batir ɗaya ya wadatar. Amma data na tafiya kamar ba gobe: awa ɗaya ta hoto mai kyau na iya cin gigabait guda, sai in ka rage kyawun hoton da hannunka. Kuma kallon mutum ɗaya ne. Uwa ba ta san abin da 'yarta ke kallo ba, kowa ya sunkuya a kusurwarsa. Ga ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ko gwauron da ke haya ɗaki ɗaya, waya ta isa, sayen talabijin ma ɓarnar kuɗi ce. Ga gida mai mata da yara, cike giɓi take yi, a nemo kashin da ya wuce ranar da aka ɗauke wuta.

Yanayin garin nan ma na da ƙuri'a. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, dikodar da aka ɗora kan talabijin aka lulluɓe da ƙyalle don ƙura za ta yi ta kashe kanta. A ba ta sarari ta sha iska. A watannin nan ne kuma gida ke fitowa tsakar gida da dare, don haka mai dabara kan sa a bar masa rarar waya da za ta kai talabijin waje. Farkon damina iska ke zuwa kafin ruwa, ita ce ke karkatar da faranti da kayar da bututun eriya. In hadari ya yi kauri kowane ƙaramin dish, na kyauta da na biya, yakan ɗauke hoto har sai ya wuce, alhali eriya ba ta cika damuwa da wannan ba. In ana tsawa a zare wayar daga bayan dikoda. Game da wuta, talabijin mai faɗin inci 32 na zamani da dikodarsa ba su cin abin da ya kai tsohon mai ƙoƙon baya shi kaɗai, ƙaramin sola da batir ɗaya na riƙe su tsawon kallon dare. Da za a ba ni zaɓi tsakanin babban rukuni na shekara guda da wannan ƙaramin sola, sola zan ɗauka ban yi dogon tunani ba, don shi ke mayar da jadawalin kowace tasha abin da za a iya bi.

Azumi kan birkice duk wannan lissafi, kuma a nan tashoshin gida ke karɓe fili. Daren da ake duban wata, idon ƙasar nan gaba ɗaya Sakkwato yake kallo, ana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke kan karaga tun 2006, kuma NTA ce aka saba ji daga gare ta. Daga nan wata guda tafsiri ne ke cika jadawali, na gwamnati da wanda masu hali ke ɗaukar nauyi, wasan kwaikwayo ya ja baya, lokacin kallo ya koma bayan tarawihi da gabanin sahur. Gidan da ke biyan dikoda don fina-finai zai iya tsallake wannan wata bai yi asarar komai ba. Masu wayo kan sabunta biyan ana saura kwana biyu salla, lokacin da yara ke gida, baƙi na shigowa.

In an tattara, ga inda na tsaya. Gida mai iyali a cikin gari ko kewaye, wanda Hausa da addini da labarai ne abincin idonsa, ya sa dish na kyauta ya bar eriyarsa, ya kashe rarar kuɗin kan sola. Wannan shi ne gida bakwai cikin goma da na sani, in ban rage ba. Ma'aikacin da ke son labaran Turanci da tashoshin yara masu tsari ya ƙara ƙaramin rukuni na StarTimes ko GOtv, ya riƙa biya a watannin da ya ga ana kallo. DStv babba ta mai gidan kallo ce, da otal, da wanda ke da tsayayyar wuta kuma ƙwallo ta zame masa dole. In za a kafa faranti, a kafa shi jikin bango da ƙusoshi masu kauri, kada a ɗaure shi kan kwanon rufi, a sayi waya mai kyau ko da ta fi tsada domin rana na cinye mai arha cikin shekara ɗaya ko biyu. Kada ka sallami mai haɗawa sai ya nuna maka ƙarfin siginal na kowane tauraro a allo, ka kuma karɓi lambarsa, za ka neme shi bayan iskar farko.

Ƙauyen da ba turken wuta kuwa maganarsa daban ce. Can rediyo ke kawo labari, kallo kuma sai ranar kasuwa, a miƙa wa mai tura fina-finai waya ko katin ajiya ya cika shi da wasannin makon da karatun malamai, a biya shi kuɗi kaɗan, a kai caji shagon mai sola. Wanda ya samu hali a irin wannan wuri, faranti ɗaya da sola da talabijin mai aiki da batir ya kamata ya fara saya, domin babu wakilin kamfani kusa da zai je wa in biyan wata ya maƙale.